Bakin Gareji: salansa, matatar iska, da masu neman rugugin V8

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a bakin gareji. Wannan makon kamar haɗa baki aka yi, saƙonnin da suka shigo kusan duk na masu motocin nan ne na Amurka masu faɗin ƙirji, su Charger da Challenger da Mustang da Camaro, kuma kowa kukansa ɗaya, yaya za a yi motata ta yi ƙara, yaya za a yi ta ƙara gudu. Na tsinci bakwai a ciki. Masu tambayar giyar Corolla na ga naku, ban manta ba, sai wani makon in Allah ya kai mu.

Tambaya: Oga barka da aiki. Ina da Dodge Charger R/T ƙirar 2016, injin Hemi 5.7, 'yar Kwatano ce na saya bara don sha'awa kawai, ba da ita nake zuwa ofis ba. Damuwata shirunta ya yi yawa wallahi, in na tayar da ita kamar Camry. Mai waldana ya ce a yanke tukwanen salansar duka a zura miƙaƙƙen bututu mai inci uku, wai inji zai samu numfashi har doki ya ƙaru da kamar arba'in. In yi ko kar in yi? Daga Gwarinpa, Abuja.

Amsa: Ƙanena, mai waldanka walda ya iya ban ce ba, amma wannan doki arba'in ɗin a wace kasuwa ya sayo su? Motarka daga kamfani da ƙarfin doki 370 ta fito, kuma in da yanke tukunya biyu zai ba da arba'in kyauta ai da Dodge ba su jira wani mai walda ya gaya musu ba.

Bari mu kwanta ƙarƙashin motar mu bi hayaƙin daga inda ya fito. Yana barin kan silinda ya shiga manifol, daga nan ya wuce ta indomi, wato tukunyar nan da ke rage gubar hayaƙi, sai bututun tsakiya da tukwanen da ke rage ƙara, sannan ya fita ta baya. Inda hanya ta fi matsewa can gaba ne wajen manifol, su tukwanen baya aikinsu murya ne galibi. Shi ya sa kayan da Amurkawa ke kira kat-bak, wato a canza komai tun daga bayan indomi har wutsiya, ko aksul-bak, wanda shi ɗan guntun ƙarshe ne kawai daga wajen ƙafar baya, in aka sa su abin da kunne ke ji ya fi abin da taya ke ji nesa ba kusa ba. Doki biyar, in an yi sa'a goma, kuma can sama wajen da allura ta kusa jan layi, ba wajen da kake tuƙi tsakanin Gwarinpa da Wuse ba. Mutum yana jin ƙarar ne sai ransa ya raya masa ta ƙara gudu, ni ma na taɓa yaudarar kaina haka, babu wanda ya fi ƙarfin abin.

Maganar inci uku kuma. Ka san tiyon wankin mota, in ka danne bakinsa da yatsa ruwa ya fita da gudu, in ka sake shi ya riƙa zuba sako-sako. Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, dunƙule-dunƙule yake fita, kowace silinda ta tura nata, kuma dunƙulen da ya wuce da gudu yana barin wani ɗan zuƙo a bayansa da ke janyo na gaba. In bututu ya yi faɗi da yawa gudun ya mutu, zuƙon ya tafi, sai ka ji motar ta yi nauyi a tashi daga danja. Daga nan ne wasu makanikai suka ɗauko zancen wai inji yana son a ɗan toshe shi, ba toshewa yake so ba, gudun hayaƙi yake so. Ga inji irin naka da ba a taɓa cikinsa ba, bututu biyu masu inci biyu da rabi sun ishe ka har da ragi.

Sannan ka lura da yadda ake lanƙwasa bututun. Na waje da na'ura ake lanƙwasawa da ƙarfe a ciki, gwiwar ta fito faɗinta ɗaya da sauran. Namu na nan a gasa da wuta a danna a jikin taya, ka leƙa ka ga gwiwar ta yamutse kamar wuyan tsohuwar riga, inci ukun ya koma biyu a daidai wajen. Ka ga an yi ba a yi ba kenan.

In murya kake so, saya za ka yi da kunnenka. Salansar kamfanin Flowmaster ɗakuna ne a cikin tukunyar, shi ke ba da gurnanin nan na motocin da. Magnaflow bututu ne mai huji-huji da aka naɗe da abin shanye ƙara, muryarsa mai kauri ce a kwance. Borla da Corsa sun fi kaifi, in ka taka totur sai su yi kamar za su tsaga. In bututun tsakiya mai siffar H ne murya ta fi zurfi, mai siffar X ya fi tsiwa. Ƙarfen ma ka tambaya, 304 ba ya tsatsa amma da tsada, 409 zai yi ja a sama amma yana daɗewa. Kuma tunda za a ɗaga motar, a duba maka kusoshin manifol, Hemi ya yi suna wajen karya su, in kana jin tik-tik-tik da safe ya ɓace in ta yi zafi to sau da yawa su ne.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni ba mai mota ba ce, matar mai mota ce. Maigidana yana da Challenger mai giya otomatik, ya kai an cire mata wasu abubuwa a ƙasa, tun daga lokacin in muka ɗauki hanyar Kaduna sai wani irin wuuuu ya cika motar, ba ma jin maganar juna, yara su yi ta kuka ni kuma in sauka da ciwon kai. Shi ya ce haka motar take. Dan Allah haka take? Kar a sa sunana.

Amsa: Hajiya lafiya lau, ba za a sa ba, amma ina jin in ya karanta zai gane kansa. Ba haka take ba. Haka aka mayar da ita.

Kafin komai, wannan ciwon kan ya tsaya min a rai. Zai iya zama ƙarar ce kawai, amma kuma in waldar da aka yi tana yoyo a ƙarƙashin kujeru, hayaƙi na iya shigowa ciki, kuma gubar da ke cikinsa irin ta janareto ce da ake kwana da shi a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. A tayar da motar da sanyin safiya, wani ya ɗan tare bakin salansa da tsumma na daƙiƙa kaɗan, wani ya saurara a ƙasa, in akwai huji za a ji fis-fis, kuma za a ga baƙin toka a gefen waldar. Wannan a yi shi kafin a sake ɗora yara a ciki.

Shi kuma wuuuu ɗin, ga inda yake fitowa. Inji mai silinda takwas yana bugawa sau huɗu a kowane juyi. A babbar hanya cikin giyar sama allura tana zama wajen 1800, wato juyi 30 a daƙiƙa ɗaya, bugu 120 kenan, kuma wannan amon ya yi daidai da wanda ɗakin mota ke amsawa, kamar ki yi magana a cikin randa. Tukunyar da kamfani ya sa a hanya an auna ta ne musamman don ta kashe wannan amon, ita maigida ya cire. Ƙari a kan haka, Hemi 5.7 mai otomatik yana da wata dabara da ake kira MDS, in mota ta miƙe ba a taka ta sosai sai ya kashe silinda huɗu, ta 1 da ta 4 da ta 6 da ta 7, don ya rage shan mai. Da salansar kamfani ba za ki taɓa sani ba. Da yankakkiyar salansa kuwa sai motar ta koma bu-bu-bu kamar injin niƙa, ta yi shiru, ta dawo, shi ne abin da ke sa yara kuka.

Gwaji mai sauƙi, in kun hau hanya ki ce ya danna Sport ko ya koma canza giya da hannu, MDS zai tsaya, in ƙarar ta canza to kin kama ɓarawon. Amma fa mai zai ƙara tafiya, kuma tankin motar lita 70 ne, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin zance ba ne. Maganin gaske a mayar da abin da aka cire, ko a sa wata ƙaramar tukunya mai miƙaƙƙen ciki a tsakiya, ko a yi mata reshen bututu mai toshen ƙarshe mai kama da harafin J, tsawonsa kamar ƙafa biyu da wani abu, amon ya shiga ya dawo ya kashe ɗan'uwansa. Ki ce masa daga waje za ta ci gaba da rugugi abokansa su ji, ciki ne kawai zai lafa. Ina jin da wannan za ki fi saurin shawo kansa.

Tambaya: Kawu ya gari. Mustang GT ce da ni ta 2015. Na cire akwatin iya-kilina na kamfani na sa ja ɗin nan mai kama da malfa na K&N a fili, in na taka tana wani shuuu mai daɗi. Amma kwanan nan cek injin ya kama, tana rawa a sulo, kuma da rana kamar ba ta da ƙarfi. Wani a intanet ya ce in sayi saitin kwamfuta na 93 zai gyara. Daga Nasarawa, Kano.

Amsa: Ɗana gari lafiya. Ka yi min abu ɗaya kafin ka gama karanta amsar nan, ka je ka kwance bututun da ya tashi daga matatar zuwa bakin totur, ka naɗe yatsa da farin ƙyalle ka shafa cikinsa. Na yi wa wani yaro haka a ƙarshen hunturun da ya wuce, ƙyallen ya fito ja-ja kamar an share tagar ɗaki, ka murza a yatsa ka ji gari-gari. Duk abin da ka gani a ƙyallen nan, ɗan'uwansa ya riga ya shige cikin inji, ya gauraya da baƙin mai, yana cin ringi da bangon silinda a hankali kamar sanfefa.

Ba wai kayan banza ba ne fa. Auduga ce da aka jiƙa da mai, tana barin iska ta wuce fiye da takarda, amma abin da ya bar iska ta wuce da sauƙi yana barin ƙura mai laushi ma ta bi. Wanda ke Florida ko Ohio ba zai damu ba. Kai kuwa kana garin da daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ke tasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi ya sauka a kan bonet ɗinka, ka wanke mota da safe kafin azahar a rubuta suna a jikinta.

Rawar sulo da cek injin kuma, ina zargin sansar awon iska. Mustang tana da ita a cikin bututun nan, wata siririyar waya ce mai zafi da iska ke wucewa ta kanta, da ita kwamfuta ke sanin yawan man da za ta fesa. In man matatar ya fantsama a kanta ƙura ta manne, sai ta riƙa ƙaryar awo. A sa na'urar sikanin, in ka ga P0171 ko P0174 to mai ya yi wa iska kaɗan. A fesa mata abin wanke sansa na musamman, ba fetur ba, ba burushi ba, kar a taɓa wayar da hannu. In kuma bututun da ka sa ya fi na kamfani faɗi a wajen sansar, ko tana da tsabta lissafin ya riga ya ɓaci. Masu Hemi su ba su da wannan sansar, da matsin iska tasu kwamfutar ke aiki, shi ya sa abokinka mai Charger zai ce maka shi bai ga komai ba.

Rashin ƙarfi da rana kuwa abin dariya ne in ka duba. Sunan kayan wai mai shigo da iska mai sanyi, amma akwatin kamfanin da ka cire shi ne ke jan iska daga gaban mota ta waje, taka malfar tana zaune a fili kusa da inji da lagireto tana shaƙar tururi. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40 a inuwa, ka tsaya a go-sulo na Ƙofar Nasarawa minti goma, ƙarƙashin bonet ya zama tanda. Iska mai zafi ba ta da nauyi, oksijin ɗin cikinta kaɗan ne, kuma kwamfuta da ta ga zafin sai ta ja wuta baya don ta kare injin. Doki 435 ɗin da ka saya wasunsu suna barci.

Saitin 93 kuma kar ka kuskura. Lambar 93 ta Amurka ba irin lissafinmu ba ce, ta yi daidai da kusan 98 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan da Turai, mu kuma man gidan mai iri ɗaya ne, ya fi kusa da 87 ɗinsu, ban da na 'yan bumburutu da Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Ka loda wannan saitin sai inji ya fara ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in aka daɗe fistin ne zai biya. Ka nemo akwatinka in ba ka ba 'yan gwangwan ba, ka sa matatar takarda mai kyau, da hunturu ka riƙa canzawa da wuri. Kuma a daina hura ta da iskar falkanaiza, yaga ta ake yi ba a sani ba. Wani abu da na kusa mantawa, masu irin matatar da ke sauka ƙasa bayan bamba, da damina in kuka shiga ruwan da ya kwanta a titi inji ya zuƙi kofi ɗaya shikenan ya buga, ruwa ba ya matsuwa.

Tambaya: Oga makanikena ya ce indomin Charger ɗina shi ke danne ta, in bari ya fasa ya zubar, har ma zai yi min aikin kyauta. Daga Barnawa, Kaduna.

Amsa: Kyauta? Ɗan'uwa tun yaushe makaniki ya fara aikin ƙasan mota kyauta. Wannan abin da muke ce wa indomi saboda ya yi kama da taliyar a dunƙule, tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa ne masu tsadar gaske, akwai masu saye da kilo. Ba zubarwa zai yi ba.

Ni kaina an yi min. Shekarun baya na bar wata motata a wani gareji kwana biyu don a canza min bushin, da na ɗauko na ji muryarta ta zama holoƙo kamar ana buga garwa, ga wani wari mai hawa ido in na tsaya. Na shiga rami da tocila, sai ga layin walda sabo fil yana sheƙi a cikin tukunyar, an tsaga ta kamar gwangwanin kifi an kwashe an mayar an ma shafa mata laka don ta tsufa. Na ƙwanƙwasa da sifana ta amsa min fayau. Na koma, kowa ya rantse bai gani ba.

Tun motocin 1975 Amurka ta fara sa shi, kuma gaskiya na farkon sun danne inji, daga nan zancen ya samo asali. Na yanzu in yana da lafiya ɗan abin da yake ci bai kai ka ji a ƙafa ba. Charger V8 guda biyu gare ta, kowane ɓangare ɗaya, da sansar oksijin a gabansa da bayansa. Ka fasa shi ta bayan ta ga hayaƙi bai canza ba ta kunna maka P0420 da P0430, fitilar ta zauna daram, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba tunda ka saba ganinta a kunne.

Yana toshewa kam, ban musa ba. Amma ba haka kawai ba, sai in inji yana cin baƙin mai ko filogi ya mutu ɗanyen fetur yana zuwa ya ƙone a cikinsa har ya narke, kuma ka tuna Hemi filogi 16 ne da shi, biyu a kowace silinda, mutane da yawa takwas suke canzawa su ce an gama sabis. Alamar toshewa, mota ta tashi lafiya amma ta ƙi wuce wani gudu, ko ka ji ƙarar fasassun kwalabe in ka bugi tukunyar. In ya mutu da gaske akwai na kasuwa masu manyan ramuka da ake sa wa motocin gudu. Kuma in za a cire tsohon, ka tsaya a wajen, ka sa shi a but ɗinka.

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan Kumasi ne amma ina Bronx a New York shekara tara. Na ɗauki Camaro SS ta 2018, ina so in sa mata dogayen heda. Wai da gaske 'yan sanda na kamawa? Kuma garantin da na saya zai lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen zango. Ka ga kai ka tambayi abin da ke ba da doki na gaske. Heda shi ne maye gurbin manifol, kowace silinda a ba ta nata dogon bututu su haɗu can ƙasa, zuƙon nan da na yi wa na Gwarinpa bayani a nan yake aiki sosai. A inji irin naka LT1 mai lita 6.2 da doki 455, in aka haɗa da saitin kwamfuta ana ganin bambanci har a na'urar awo, ba a kunne kawai ba.

Amma inda kake zaune ne matsalar. Dogayen heda ba sa barin indomi a mazauninsa, ko a matsar da shi baya ko a cire, kuma dokar tsabtar iska ta tarayya, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ke kula da ita, ta hana taɓa shi a motar da ke hawa titi, shi ya sa za ka ga an rubuta a kwalin wai na filin tsere ne kawai. New York duk shekara sai an duba mota, su soka kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, in fitilar cek injin na kunne ba sitika. A kan ƙara kuma, a 2021 jihar ta sa hannu a dokar da suke kira SLEEP, tarar salansa mai ƙara ta tashi daga dala 150 zuwa har dala 1000, kuma birnin ya fara kafa kyamarori masu kunne, ba sai ɗan sanda ya tsayar da kai ba takarda za ta same ka a gida. Da a Kalifoniya kake ma, can iyaka desibel 95 ce kuma kayan da suka shafi hayaƙi sai da lambar amincewar CARB, hukumar tsabtar iska ta jihar.

Garanti kuma, akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, dila ba zai soke maka komai da komai don ka canza salansa ba, sai in abin da ka sa ne ya jawo lalacewar. Amma saitin kwamfuta yana barin sawu ko ka goge, in inji ya samu matsala da shi za su kafa hujja, kuma takardar garantin da ka saya daban tana da nata sharuɗɗan, ka karanta ƙananan rubutun. Ni da ni ne, zan duba ko motar tana da salansar nan mai bawul ta kamfani da ake kira NPP, mai baki huɗu, in babu in sa kat-bak mai bawul. Ka fito sallar asuba a rufe maƙwabta ba su tsine maka ba, ka hau babbar hanya ka buɗe.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne na yi ritaya a Michigan, ina gyara Chevelle ta 1970 mai inji 350 a garejin gida. Na sa kafireto Holley 750 da manifol Victor Jr. amma in na taka daga tsaye sai ta shaƙe kafin ta tafi. Ina so ta shirya kafin Woodward.

Amsa: Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya, wallahi na yi maka sha'awa. Ga waɗanda ba su sani ba, Woodward Dream Cruise taron tsofaffin motoci ne da ake yi duk watan Agusta a titin Woodward na yankin Detroit tun 1995.

Baba hular ce ta fi kan girma. Ga lissafin da ake yi, girman inji sau juyin da za ka kai, a raba da 3456. Naka 350 sau 5500 ya ba da kusan 557, kuma injin titi ba ya cika cikinsa taf, in ka ɗauki kashi 85 cikin ɗari ka dawo wajen 470. Kafireto 600 ta ishe ka, mai ƙofofin baya da ke buɗewa da zuƙon inji a hankali. Ita 750 in ka buɗe ta gaba ɗaya iska ta rasa gudu, ba ta iya jan fetur daga jet, ƙananan hujin da mai ke fitowa, shi ne shaƙewar da kake ji.

Victor Jr. kuma, shi manifol ɗin shigar iska ne ba na hayaƙi ba, na tsere ne, ɗaki ɗaya ne buɗaɗɗe, Edelbrock da kansu daga juyi 3500 zuwa 8000 suka rubuta masa, kai kuma a Woodward tafiyar hawainiya za ka yi kana ɗaga wa mutane hannu. Ka koma Performer mai hawa biyu, daga sulo zuwa 5500, ko Performer RPM in ka canza kam, sandar da ke buɗe bawul. In ka sa heda daga baya a sake duba jet, ka ciro filogi ka kalla, ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara shi ne daidai, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi da toka ya yi yawa. A turo mana hoto in an gama Baba.

Tambaya: Oga tawa Charger ɗin V6 ce, wace salansa zan sa ta yi kukan V8? Daga Damagaram.

Amsa: Babu ita ƙanena, ko a Amurka. Gurnanin V8 daga karanshaf yake fitowa, yadda silindodin kowane ɓangare ke bugawa ba bi da bi daidai ba, wani tazara gajere wani dogo, shi ne wannan bulbul-bulbul ɗin. Ko Mustang GT350 da take V8 cikakkiya, da Ford suka canza mata karanshaf zuwa shimfiɗaɗɗe sai muryarta ta koma wata iri daban. Naka Pentastar ne 3.6, doki 292, inji ne mai kyau kuma ya fi na yayyenka tausayin aljihu, amma in ka yanke masa tukwane abin da za ka samu ƙarar babur ɗin da salansarsa ta faɗi ne. In dole sai ka taɓa, ka bar na tsakiya yadda suke ka canza na ƙarshe kawai, zai ɗan yi kauri. Kuma da ƙurar Damagaram, amsar da na ba na Kano ka karanta ta sau biyu.